Gurbin Tuta

Rumfata tana bakin tashar Mora:
keke ɗaya, benci ɗaya, gwangwanin allurai.
Tun da sojoji suka sauka a bayan dutse
na daina jiran ɗinkin sallah.
Kaki ya fi shadda kawo cefane.

Abin da na liƙa a kafaɗun mutane, Allah ya yi yawa da shi.
Kan damisa. Kunama ta ɗaga ƙari.
Ƙoƙon kai da haƙora a waje.
Wani ya kawo tutar wata ƙasa mai taurari rututu,
na ce, ka taɓa zuwa?
Ya ce ina, a gwanjo ya tsinta, kyau ta yi masa.
Dala hamsin, na ɗinka, na ja bakina.
Tela ba alƙali ba ne.

Sai wata Laraba, bayan la'asar,
Kofur Esomba, mutumin kudu,
wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba,
ya zauna a bencin, ya kwance ƙullin hankici.
Shuɗi, rawaya, ja.
Faɗinta bai kai tafin hannun yaro ba,
gefe ɗaya wuta ta lasa.

Na ce, wannan ai ta Cadi ce.
Ya ce, ta Nojimaji ce.

Da hannu da guntun Fulatanci ya ƙarasa min:
daminar bara, cikin taɓo, can wajen tafki,
harsashi a cinya, motarsu ta wuce.
Wani dogo da ba su haɗa tuta ba, ba su haɗa yare ba,
ya saɓa shi kamar buhun dawa
har inda ake jin ƙugin inji.
Ya sauke shi, ya koma ɗauko wani.
Rigarsa kaɗai aka dawo da ita.

Ban taka keke ba ranar.
Da hannu na yi, zare riɓi biyu,
a ƙarƙashin tasu mai tauraro ɗaya.
Na bi ƙonannen gefen a hankali
kamar mai gasa wa jariri cibiya.
Ya miƙo kuɗi, na mai da masa aljihu.

Wata huɗu yana yawo da ƙasa biyu a damtse ɗaya.

Sannan takarda ta zo daga sama.
Laftanar da kansa ya tsaya a bakin rumfa,
ba da faɗa ba, shi ma da gaskiyarsa:
“Riga ta gwamnati ce, ba bangon tasha ba.
Mutanen ƙauye in sun gan shi, sojan wa za su ce?
In ya yi ɓarna, wace ƙasa za su kai wa kuka?”
Na rasa ta cewa.
Wanda ya ɗinka shi ke farkewa.

Kwana biyu reza tana ci.
Damisa ta faɗi, kunama ta faɗi,
taurari suka cika kwandon ƙyalle,
Tanimu yaron shago yana tsincewa, wai hula zai haɗa wa ƙanensa.
Samari na ta dariya,
kuɗin cirewa daidai da kuɗin sawa.

Esomba ne ya zo ƙarshe, bayan magariba.
Na kama tocila da haƙori, na tsinke zarena ɗaya bayan ɗaya.
Da ta fita sai muka ga aikin rana:
duk rigar ta koɗe ta yi fari-fari
ban da nan.
Kusurwa huɗu, duhunsa sabo fil,
kamar kabarin da aka yayyafa wa ruwa ɗazu.

Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya juya rigar ciki waje,
ya ɗora yatsa a bayan aljihun hagu.

Takarda kafaɗa ta ambata.
Ba ta ce komai kan abin da ke gogar fata ba.
Na sake zura zare.

Ban ƙara ganinsa ba, an ce an mai da su kudu.
Silin zare guda ya maƙale a gwangwanina,
shuɗi, bakinsa a ƙone.
Kullum in na zo neman allura sai na ture shi gefe.
Tanimu ya ce in yar.
Na ce ya je ya ɗebo gawayin guga.