Iskar da Ba a Ƙara Ba

Babana mai faci ne a Kwangila,
gefen gada, inda tireloli ke huci.
Barau sunansa. Tafin hannunsa baƙi ƙirin,
ma'aunin iska rataye a wuyansa kamar laya.

Da sassafe ya duba tayar Jatau direba:
talatin da biyu, allura ta tsaya cak.
Jatau ya kwashi fasinja zuwa Funtuwa,
ya dawo bayan azahar,
kwalta na zufa, taya ba ta taɓuwa.
Aka sake ɗora ma'auni: talatin da bakwai.

"Wa ya ƙara mini iska a hanya?"

Baba ya yi dariya har goro ya suɓuce masa.
"Ba wanda ya ƙara. Rana ce ta zuga ta.
Kar ka rage ko kaɗan.
Bari dare ya yi, da kanta za ta sauko."

Ni kuwa a Samaru da alli aka faɗa mini:
iska ƙwayoyi ce, ba a ganinsu, ba sa zama.
Kulle su a ɗakin da ba ya buɗewa, ba ya tsukewa,
ɗaya bai shiga ba, ɗaya bai fita ba,
sannan ka hura musu zafi.
Sai gudu ya ƙaru,
su dinga dukan bango da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa.
Dukan nan shi ne matsi. Shi allura ke ji.
Malama Asabe ta ce in za mu ƙirga zafi
mu faro daga can ƙasan sanyi,
inda motsi ke shirin mutuwa;
daga nan, zafi ya ninka, matsi ya ninka.

Na kai wa Baba littafin.
Ya bi miƙaƙƙen layin da yatsa,
ya bar mini baƙin mai a shafi na arba'in.
"Shekara nawa suka yi kafin su gane?"

Ranar da aka ce masu faci su tashi daga gefen gada
ya shigo gida bai ce uffan ba.
Ƙirjin nan dai na jiya ne, bai ƙara faɗi ba,
amma jijiyar goshinsa ta miƙe kamar allura.
Na buɗe baki.
Inna ta riƙe mini hannu,
ta janye tukunyar gas daga rana zuwa inuwa,
ta ce, "Ladidi, ƙyale shi.
Bari dare ya yi."