Masaƙar da Ba a Rufe Ba

Shekara goma sha tara na yi a Kakuri,
tsaye gaban inji, auduga har cikin hancina,
har ranar da aka ɗaure ƙofa da sarƙa
aka ce mu je gida, za a neme mu.
Ba a neme mu ba.

Yanzu fangali bakwai gare ni a bakin kogi,
inda ruwa ke jan ƙafa da rani.
Alayyafo, latas, yakuwa kaɗan,
da juji guda da nake ji da shi kamar asusu.

Karan masarar bara na ciki,
da totuwa, da ɓawon rake daga tasha,
ganyen mangwaron da iska ta sharo mini kyauta,
kashin kajin Laraba, buhu biyu, bashi,
da na shanun da Jauro ya kwana da su a tsallake.
Na jera hawa-hawa, na yayyafa ruwa,
na rufe da tsohon buhu, na ba shi baya.

Kwana uku, juji ya kama zazzaɓi.
Ka cusa hannu, ka janye ba shiri.
Sai da zafin ya sauka, mako na biyar ko na shida,
na ɗaga buhu bayan sallar asuba
na ga abin da ya zaunar da ni a ƙasa.

Zare.

Fari fat, ya fi duk wanda na taɓa ƙullawa sirantaka.
Ya shiga kara ta nan, ya ɓulla ta gaɓa,
ya kamo ganye ya ɗinke shi da kashin saniya,
ya yi tsaye, ya yi kwance, saƙa sosai,
ba ƙarar inji, ba jiniya, ba mai duba kati a ƙofa.

Na ce ko cuta ce ta faɗa wa jujina.
Hansatu 'yar ƙanena, mai karatun noma a Samaru,
ta tsuguna, ta damƙo, ta shinshina, ta yi dariya:
"Baffa, fumfuna ce,
dangin wadda ke hawa tuwon da aka manta.
Ba ta da baki, balle haƙori.
Yawunta take zuba wa abinci, ya narke, sannan ta sha.
Abin da ya gagari sauran ƙananan halittu,
taurin kara, jijiyar itace,
ita ke kwance shi sili-sili.
Kada ka bar ta da ƙishi, kada ka nutsar da ita.
Ka riƙa juya jujin ta sha iska."

Na daɗe ina kallon hannuna.
Mu mun saƙa don a ɗaura a je biki.
Wannan kuwa saƙa take don ta warware,
kuma warwarar ce aikin.

Da ruwan farko ya sauka
sai ga 'yan lemomi sun tsaya a kan juji,
naman kaza, kowanne da hularsa.
Kafin azahar sun langaɓe.
Hansatu ta ce kai kawai ta leƙo, jikin na ƙasa,
kuma kada in kuskura in kai miya wanda ban sani ba.

Wata huɗu. Na sa shebur.
Baƙi wuluk, laushi kamar garin kuka,
ƙanshinsa na ƙasar da ta sha yayyafi.
Na nemi kara ban gan shi ba.
Na kasa raba na kajin Laraba da na shanun Jauro.
Bashinta na biya da alayyafo, dami uku,
ta ce ganyen ya fi tafin hannunta faɗi.

Jiya na bi ta Kakuri a kan keke.
Rufin sashenmu ya rufta, ciyawa ta kai taga,
katakon ƙofar ya yi laushi daga ƙasa.
Na sauka, na ɓanɓare ɗan guntu da farce.
Ga farin zaren nan a ciki.

Ashe an ɗauki 'yan aikin dare.