Akori-kura Biyu a Suwame

A Magazin, bayan rumfar Masta Kwarteng,
akori-kura biyu na shan rana kafaɗa da kafaɗa,
launi ɗaya, shekara ɗaya,
amma mai shan dizal ta ɗara 'yar'uwarta
da sidi dubu goma sha takwas.

Dubu goma sha takwas!
Ga hayar ɗakinmu na Aboabo a ciki,
ga keken ɗinkin da Fuseina ta gaji da tuna min.

Kwarteng ya murza mabuɗi. Ta yi tari, ta yi gurnani,
na ji ta har cikin haƙorana.
Ya ce, "Loda mata doyar Ejura kaf,
ta ratsa tudun Mampong ko gumi babu."
Ta fetur kuwa raɗa take yi,
kamar mai neman rance wurin suruki.

Na gangara Asawase wurin Baba Munkaila,
wanda tuƙi ya cinye wa gwiwoyi.
Bai tambayi farashi ba. Ya ce, "Me kake ɗauka?"
Na ce albasa, buhu shida,
daga Anloga Janshin zuwa Kejetiya,
wani lokaci katifa da tukwanen masu tashi.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Raƙumi za ka saya don zuwa bakin rijiya?
Dizal doguwar hanya yake so, ɗana.
Ka tsare shi a cunkoso kullum, ya riƙe ka a zuci,
ran da nozul ya toshe
za ka san sunan kowane bakanike a Suwame
da sunan 'ya'yansa."

Da dare na yi lissafi a bayan takardar siminti:
rarar mai sau kwana, kwana sau wata.
Shekara bakwai kafin ta biya kanta,
in ban yi rashin lafiya ba, in ita ba ta yi ba.

Abin da ban rubuta ba:
rigar babana warin dizal take yi
in ya dawo daga Bawku da asuba ya ɗaga ni sama.

Na sayi mai raɗa. Fuseina na taka keke.
Sai dai in danja ta tsayar da ni a Amakom,
wata ta zo gefena tana gurnani,
nakan sauke gilas kaɗan.