Fayil Ɗaya, Suna Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe Tartu,
kogin Emajogi ya daskare har tsakiya.
Ni kaɗai a hawa na uku, shayina ya huce,
wayar ofis tana ta kuka.

Helju ce, daga kantin magani na Viljandi.
Ta ce: Kersti, 'yar alamar nan mai launin kore,
wadda nake dannawa kowace safiya shekara tara,
yau ta ce ba ta san inda za ta kai ni ba.
Ga mutum shida a layi,
har da tsoho mai ciwon suga, yana kallon agogo.

Na ce, me kika taɓa?
Ta ce, ni? Ko ƙura ban share ba.
Jikana dai ya cire manhajar lissafin kuɗi jiya,
tunda mun daina aiki da ita.

To, nan gizo ke saƙa.

Ƙunshi biyu muka aika wa kantin,
na magani da na kuɗi,
suna shan ruwa a rijiya ɗaya:
wani ƙaramin fayil mai buga rasit,
bai kai nauyin hoton fasfo ba.
Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce, ba wuya:
in ka shigo, ƙara ɗaya a rajista,
in za ka fita, rage ɗaya,
ba a ɗauke guga
sai ƙidaya ta koma sifili.

Na buɗe tsohon aikin, ina bi layi-layi.
Ga sawun Priit,
wanda ya bar mu ya koma Saaremaa kiwon zuma.
Fayil ɗaya, mazauni ɗaya,
amma ya raɗa masa suna biyu,
lamba nan, wata lambar can.
Kowane ƙunshi ya ɗauka shi kaɗai ne mai shi.
Da na kuɗi ya tashi ƙaura
sai ya naɗe tabarma har da ta maƙwabci,
ya ja ƙofa, hankalinsa kwance.
A gefe Priit ya bar 'yar wasiƙa:
“Zan gyara ranar Litinin.”
Litinin ɗari huɗu sun wuce ta kanta.

Ita kuwa 'yar alamar ba ta da laifi.
Yanke ce kawai, yatsa mai nuni.
An rushe ɗakin, ba wanda ya gaya mata,
tana nan tsaye tana nuna fili.

Na mayar wa Helju fayil ɗinta ta waya,
na ji injin rasit ya yi tari, ya kama aiki.
Ta kashe ba ko sallama. Ban ga laifinta ba.

Sauran aikin nawa ne, ni da dare.
Na soke suna ɗaya, na bar ɗaya.
Na girka na magani, na girka na kuɗi: biyu.
Na cire na kuɗi: ɗaya. Fayil na nan.
Na juya tsarin, na fara da na kuɗi.
Na girka sabo a kan tsoho,
na katse wuta ana tsakiyar girkawa,
don mutane ba sa bin hanyar da ka share musu.
Sau goma sha bakwai.
A na ƙarshe na cire duka biyun,
sifili ya zo, fayil ya tafi,
alamar ma ta bi shi, ba ta bar kufai ba.

Sha ɗaya saura na hau gada,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmina.
Na ciro waya in kira tasi,
babban yatsana ya faɗa kan lamba biyu,
yanken da na yi wa babana tun wayar farko.
Hunturu uku ke nan da rufe layin.

Na san yadda ake cirewa.
Sana'ata ce.
Na mai da wayar aljihu, na taka da ƙafa.