Kan Sarki Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya na yi bayan kanta
a gidan waya na Sakkwato,
babban yatsana ya rine da tawada,
ina buga hatimi, ina ware kaya.

A zamaninmu kan sarki kuɗinsa ɗaya.
Mai aikawa Mabera, nan bayan katanga,
da mai aikawa Balle, can bakin iyaka,
abu guda suke biya.

Ba zan wanke mu tas ba, Allah na gani.
Wasiƙa ta sha kwana ashirin a buhu,
mun sha ce wa dattijo ya komo jibi,
alhali ga takardarsa nan ƙarƙashin faifan goro.
Mai rijiya ɗaya a gari
ba ya koyon gaisuwa, wannan gaskiya.

Sai aka buɗe ƙofa, kamfanoni suka shigo
da baburansu masu akwati a baya.
Modi baduku, maƙwabcina a Ƙofar Atiku,
ya ɗinke takalmin jar fata ran Litinin,
Laraba yana ƙafar wani a Ikko.
Ya sake rufin ɗaki, ya ƙara yara biyu a rumfa.
Jikana Atto ma can yake, da hular kwano,
yana kawo cefane gida. Na ci, na yi shiru,
don tuwon bai tsaya mini a wuya ba,
kuma ban ga abin jin kunya.

To, amma Inna Haddi ta Balle fa?
Ɗanta ya sayo mata tabarau a Fatakwal,
yarinyar kamfani ta duba na'ura, ta ce,
"Baba, motarmu ba ta bin wannan hanya."
Mu kuma jakarmu ta ƙauye ta daina fita,
don ribar birni ce ke zuba mata mai,
ribar kuwa ta hau babur ta yi gaba.
Sun yanki tsoka, sun bar mana ƙashi
da akwatuna ɗari huɗu, gizo-gizo na haya.

Na ce da wani mai jaka da ya zo ƙidayar riba:
wanda ya ci ladan kuturu, ai da sauran aski.
Ya rubuta a littafinsa, ya yi dariya.

Ni na karɓi tabarau ɗin, na naɗe a tsumma,
na ba Nomau direba a tasha, da ɗan na goro.
Ya kwana tara tsakanin buhunan albasa,
ya isa da ido guda a tsage.
An ce ta sa shi hakanan, ta zauna ƙofar gida,
tana tsintar tsakuwa a gero,
tana duban masu wucewa
da ido ɗaya.