Sunana a Bangon Severino

Daga Japan ta taso, ta sha iskar teku,
ta sauka a Iquique da sitiyari a dama.
Wani ya tuge shi ya dasa a hagu,
ya bar agogon gudu inda ya same shi.
Shi ya sa Remedios ke karanta mini:
"Sittin, Anacleto. Saba'in.
Sauri kake ka mai da ni gwauruwa?"

Shekara shida tana kai ni inda kwalta ta ƙare,
ni da akwatin allurar dabbobi,
ta hau dutse, ta keta gishiri, ba ta taɓa cewa uffan ba.
Ran da ta yi gardama muna tsakiyar rafi.
Ƙafafun gaba suka ce ba da su ba,
na baya suna ta haƙa wa kansu kabari,
can ƙasa wani ƙara kamar ana tauna tsakuwa.

A La Paz, kamfani mai daɓe kamar madubi,
na ji kunyar takalmina.
Yaro mai farar riga ya duba lambar jikinta,
ya ce, "Ba mu muka shigo da wannan ba.
Amma boliviano dubu tara, mako shida,
in jirgi ya ga dama."
Na mai da kuɗin dabbobi a zuci,
sai na ga garken maƙwabcina ya wuce ta ƙofa, bai waiwayo ba.

Ranar Alhamis na hau El Alto,
kasuwar da numfashi ke ƙarewa kafin layi ya ƙare.
Noti tsibi-tsibi kamar gyaɗa,
shokozoba a jingine, lagireto a rataye.
Na sayi haƙorin giya sabo fil a kwali, ɗari huɗu,
na taho ina yi wa kamfani dariya.
Kwana tara ya yi.
Araha ba ta ado, na sani,
na dai ɗauka ni za ta ɗaga wa ƙafa.

Doña Hilaria mai sayar da boris
ta auna karyayyen a tafin hannu,
ta ƙwanƙwasa shi da mabuɗi, ta saurara.
"Wannan ƙarfen cokali ne.
Bi bayan makaranta, ka tambayi Severino Callisaya.
Kar ka yi masa ciniki kafin ya gama shayi."

A farfajiyarsa na ga 'yar'uwar motata,
launi ɗaya, shekara ɗaya, ba taya, ba ido,
kaza na kwanci a kujerar direba.
Ya shiga ƙarƙashinta da sifana a baki,
ya fito da abin da na yi wata ina nema,
baƙi, mai nauyi, haƙora talatin da ɗaya cif.

Bai ɗaura mini ba.
Ya zauna kan jarka yana nuni da ƙafa:
"Wancan notin. A'a, sassauta. Ji da yatsa.
Inda kake zuwa babu Severino."
Sanyi ya fasa mini knuƙu biyu,
baƙin mai ya shiga, har yau bai fita ba.

Dubu ɗaya da ɗari biyu,
da buhun busasshen dankali,
da allurar tumakin surukarsa in damina ta tsaya.

Zan tafi ya miƙo mini alli.
A bango sunaye goma sha huɗu, uku an ja musu layi.
"Masu irin taka ne. Ba a ƙera ta kuma.
Ran da taka ta kwanta, nan za ka kawo ta,
wani na zuwa neman ƙofa, ko famfon mai."

Na dubi kazar. Na dubi tawa a bakin titi,
tana ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan.
Na rubuta.

A hanyar gida Remedios ta ce, "Arba'in.
Yau kuma lafiya?"