Gurbi Biyu

Filin kwalejin Maru, bayan La'asar,
ina kan benci, biro a baki.

Lauwali, lamba tara, zomo ne wajen gudu,
amma a ƙwace masa ƙwallo,
sai ya tsaya zagin ciyawa.

Isiya kuwa, takalmin aro,
ƙafar hagu na lilo a ciki.
Bai taɓa raga ba.
Sau uku dai ya waiga
kafin ƙwallo ta iso shi.

Kulob ɗin Gusau biyu yake so.
Ashirin da biyu ke satar kallon littafina.
Haka aka auna ni
kafin gwiwar nan ta yi gardama.

Na rubuta Isiya.
Ɗaya gurbin, sai na kwana.